Ƙarfen da Na Rataya wa Sale a Sakandi

Tun da na dawo daga Gana ban samu sakat ba. In na zauna a rumfata ranar kasuwar Dutsin-Ma, wanda ya kawo fitila gyara sai ya aje ta ya ce in ba shi labarin teku. Mutanen Kurfi ma in sun zo haka suke yi. Wasu so suke su ji ko da gaske ne ba a ganin ƙarshen ruwan. Wasu kuma, na sani, so suke su ji abin da ya sa na dawo ni kaɗai, amma suna jin nauyin tambaya. Baki ya gaji da maimaitawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ni maƙerin fari ne, mutumin Makera. Aikina garwa da gwangwani da dalma, ina yin fitila da mazurari da moɗa da buta. 'Ya'ya biyu Allah ya bar mana da rai, duka maza. Na farin, ni da uwarsa ba mu taɓa kiran sunansa ba tun ran suna, Babba muke ce masa. Ƙaramin shi ne Sale. Babba ya tafi ci-rani Sakandi, wani gari a bakin teku a Gana, ya zauna can, ya yi aure, ya zama mai kula da injin wani jirgin kamun kifi na katako. Daga baya Sale ya bi shi.

Ana tsakiyar damina Idi ya zo. Idi taubashina ne, mutumin Kurfi, fataucin goro yake yi tsakanin can da nan. Tun muna yara bai taɓa shigowa gidana ba sai da tsiya a bakinsa. Ran nan ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ni kamar baƙo. Tun kafin ya buɗe baki na gane. Ya ce wani babban jirgi ya bi ta kan jirginsu cikin hazon teku da sassafe, an tsamo Sale da sauran, ba a ga Babba ba.

Uwar yaran ba ta yi kuka gaban mutane ba, don ɗan fari ne. Ta karɓi gaisuwa, ta dama fura ta ba baƙi. Sai bayan an yi sadakar arba'in, wata rana ina ɗaure kaya zan tafi kasuwa, ta tsaya bakin ƙofa ta ce:

"Malam, ka je ka ɗauko mini wanda ya rage."

Na ce to. Da aka yanke gero, Idi zai koma, na bi shi.

Na ɗauki jakar kayan aikina, ba don komai ba sai don ban saba fita babu ita ba. Idi ya dube ta ya ce ko teku zan je in like da dalma. Na ce masa bakinsa zan fara likewa. Wannan ne wasan farko da muka yi tun da ya kawo labarin, kuma na ga ya ji daɗi.

Mota ta kai mu Funtua, muka shiga jirgin ƙasa. Ni dai ban taɓa wuce Zariya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai a jirgin nan wani tsoho ne Banufe da ya shigo bayan Kaduna da kwandon busasshen kifi. Da ya ji maganarmu ya gane Katsinawa ne, sai ya gyara zama, ya ce yau Allah ya haɗa shi da bayinsa. Da muka hau gadar Jaba na leƙa taga na ga faɗin Kwara, sai na ja da baya na kama benci. Tsohon ya yi ta dariya, ya ce ku dubi Bakatsine, ruwan alwala ma tsoronsa yake. Idi ya rama mini yadda ya iya. Daga baya na ga Idi ya matsa kusa da shi ya faɗa masa wani abu a kunne. Da tsohon zai sauka ya zaɓi kifi mafi girma ya ɗora mini a cinya, ya ce ruwa yakan ɗauka, amma shi ma bawan Allah ne, ba ya yin komai da kansa. Ban san sunansa ba har yau.

A Ikko muka sauka Zango wurin maigidan Idi. Ɗaki ɗaya, mu da yawa, kowa da tabarmarsa da butarsa. Can na fara cin garin rogo da ruwan sanyi. Na zuba shi da yawa kamar yadda ake zuba garin gero, na juya in yi magana, kafin in waiwayo ya kumbura ya cika ƙwarya har ya yi tozo. Mutanen ɗakin suka ce sai na cinye, baƙo ba ya barin saura. Idi ya taya ni yana cewa ya ga abin da zai ba da labari a Kurfi har ya mutu.

Daga nan muka shiga motar kaya zuwa kan iyakar ƙasar Faransa, wato yankin Kwatano da Faransawa ke mulki. Aka sauke mu, aka duba takardar lambar rigakafi, aka kwance kaya. Wani jandarma, ɗan sandansu, ya buɗe jakata ya ga almakashi da guduma da dunƙulen dalma, ya haɗe fuska. Wani Bahaushe mai yi musu tafinta ya ce mini yana zargin kuɗin jabu nake bugawa. Na rantse, Idi ya rantse, bai saurara ba. Can sai ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar butar shayi mai yoyo ta gindi, ya dangwara ta gabana. Na roƙi gawayi wurin wata mai tuyar ƙosai, na zauna bakin hanya na like ta, motarmu tana jira, direba yana ta zagi da Yarbanci. Da ya zuba ruwa ya ga ba ta ɗiga, ya sara mini. Kafin in tattara kaya sai ga wani jandarman da fitila. Ita ma na gyara.

A ƙasar Faransa motoci hannun dama suke bi. Ba wanda ya gaya mini. A Kwatano na dubi inda na saba duba na sa ƙafa a titi, sai na ji Idi ya fizgo wuyan rigata har ta yage, wata mota ta wuce da iska. Bai yi mini tsiya ba wannan karon. Ya riƙe hannuna har muka tsallaka, kamar yaro, ya ce ba zai kai labari biyu gida ɗaya ba.

Bayan Kwatano hanya ta bi bakin teku. Na ji ƙararsa kafin in gan shi. Mutanen motar suka yi ta nuna mini, ni kuwa na kawar da kai na dubi itatuwan kwakwa na ɗaya gefen. Haka na yi har Lome, har muka shiga Gana, har muka haye wani babban kogi a jirgin fito da motar tamu a ciki, har Ankara, babban birnin ƙasar. Ban yarda na dubi tekun ba sai a Sakandi.

Sale ya tarye mu a Zango. Ya yi baƙi, kafaɗunsa sun buɗe, ga tabo a goshinsa wanda ban san shi da shi ba. Ya durƙusa, na ɗora hannu a kansa. Ya kai ni gidan da yayansa ya zauna. Matar tana cikin takaba, sai ta bayan labule muka gaisa. 'Yar garin ce, ta musulunta kafin auren, Hausarta ba ta nuna sosai ba, amma ta ce mini Baba. Akwai uwarta, tsohuwa da ba ta gani, da 'yar ɗiya mai tatata wadda aka sa wa sunan uwar yaran, ana kiranta Inna. Yarinyar ta ƙi zuwa wurina. Ta ɓuya bayan ƙafar Sale tana leƙena da ido ɗaya, idon ubanta.

Abincinsu dokunu ne, wato ƙullun masara mai tsami da ake naɗewa a ganye a dafa, a ci da kifi da barkono niƙaƙƙe. Da farko na ɗauka ya lalace ne, na ture shi a hankali don kada a ji kunya. Tsohuwar ta lalubo hannuna ta mayar da shi kan kwanon. Kafin in bar garin na saba da shi har ina nema.

Ranar Talata masuntan can ba su shiga teku. Sun ce ranar hutunsa ce. Duk suna bakin ruwa suna ɗinkin taru, maza da zane ɗaure a ƙugu, mata kuwa su ne da cinikin kifi, su ne da faɗa, maza ba su sa musu baki. Ran nan Sale ya kai ni wurin abokan aikinsu. Ba Musulmi ba ne, amma da suka ji uban wane ne suka miƙe duka. Babbansu ya kama hannuna da hannu biyu yana ta magana, Sale yana fassarawa. Abin da ban shirya masa ba shi ne sunan. Mu a gida shekara da shekaru muna kewaye shi, su kuwa ko wace magana sai sun faɗe shi, Musa kaza, Musa kaza, har da dariya in sun tuna wani abin da ya yi. Na tsaya ina jin sunan ɗana a bakin mutanen da ban sani ba. Na roƙi a ba ni wuri in zauna.

Suka ce a al'adarsu da kiɗa da rawa ake raka mamaci, amma sun san ba haka muke yi ba, don haka suka bar gangunansu a gida suka je Zango suka zauna bayan sahu liman ya yi addu'a. Na gode musu. Na tambayi Sale inda abin ya faru. Ya nuna mini wani wuri can nesa, wanda ba shi da bambanci da ko ina.

A nan ya ba ni labari, idonsa a ƙasa. Ya ce sun ji ƙugin babban jirgin tun daga nesa, amma hazo bai bari su san ta ina yake ba. Suka yi ta ihu, suna buga garwa. Babba ya sauka ya tada inji don su kauce, yana ƙasa jirgin ya iso. Mutanen babban jirgin sun tsaya, su ne ma suka tsamo su. Sun rantse cewa na'urarsu ba ta nuna musu komai ba.

Na ce masa uwarsa ta aiko ni in koma da shi. Ya ce:

"Baba, in ka ce in tashi, yau zan ɗaure kaya. Amma gidan nan ni kaɗai ne namiji a cikinsa."

Da ma ya yi gardama, da ya fi mini sauƙi. Sai ya bar maganar a hannuna.

Maganar na'urar nan ta tsaya mini. Na tambayi maigidan da muka sauka wurinsa a Zango wace irin na'ura ce take gani cikin hazo, kuma don me ta ga dama ta ƙi ganin ɗana. Ya ce shi bai sani ba, amma akwai wanda ya sani. Jirgin da ke ɗaukar goro da fasinja zuwa Ikko yana tashar Takoradi, kusa da mu, kuma mai kula da wayar iskarsa, Kwesi, a Zangon Kumasi ya girma, Hausa a bakinsa kamar Bakano.

Kwesi ya hau da ni har ɗakin matuƙi. Ya nuna mini wani ƙarfe a saman jirgin mai juyawa, da wani gilashi mai kewaye kamar faifai a cikin akwati. Ya ce sunanta rada. Ya kunna, wani zare na haske ya riƙa zagayawa, duk inda ya wuce sai ɗige-ɗige su fito. Ya tambaye ni ko akwai duwatsu a garinmu. Na ce har sunan kasuwarmu ma Dutsin-Ma ne. Ya ce to in yaro ya yi kuwwa gaban dutse me yake ji? Na ce muryarsa takan dawo. Ya ce in ya yi gaban danga fa? Na ce ba ta dawowa. Ya ce haka abin yake. Ƙarfen can na sama kira yake aikawa wanda kunne ba ya ji, duk abin da ya amsa sai ya fito a gilashi. Jirgin ƙarfe yakan amsa da ƙarfi. Jirgin katako kuwa, ƙarami, kwance cikin igiyar ruwa, sau da yawa ba ya amsawa.

Na ce ashe ba ƙin gani ta yi ba. Ya ce a'a, Baba, ba a amsa mata ba ne.

Na tambaye shi ko babu dabara. Ya ce akwai. Ya nuna mini ta taga wani tulun ƙarfe da ke yawo a bakin tasha don nuna hanya, a kansa akwai wani abu kamar fallayen ƙarfe uku da aka soka cikin juna, suka ba da aljihu takwas. Ya ce in aka rataya irinsa a saman ƙaramin jirgi, shi zai riƙa amsawa a madadin katakon. Na dube shi da kyau. Na ce a raina, wannan ai aikin yini ɗaya ne.

Na samo garwar kananzir, na yanke, na zauna gindin wata bishiya a Zango. Duk maƙerin fari ya san falle miƙaƙƙe ba shi da ƙarfi, sai an ɗan lanƙwasa shi an ba shi ciki. Haka na yi wa kowane falle, na naɗe bakinsa, na goge shi da toka har yana ɗaukar ido, don a tunanina abin da ke walƙiya shi ake gani. Na rataya shi a dogon itacen da ke tsakiyar sabon jirgin da su Sale ke fita da shi yanzu, tsini sama, yadda ruwan sama zai zube kamar a kan jinka. Idi ya ce ko amarya aka kai wa wannan ta gode.

Su Sale suka fita da jirgin suka tsaya nesa kaɗan, ni da Kwesi muna gaban gilashi. Zaren haske ya zagaya. Wani ɗan ɗigo ya fito, ya ɓace. Ya sake zagayawa, babu komai. Muka daɗe a tsaye. Ina ganin jirgin da idona ta taga, ga Sale tsaye yana ɗaga hannu, amma a gilashin wurin baƙi ne. Abin da mutanen wancan jirgi suka gani ke nan ran da suka bi ta kan Babba. Na fita waje na kama ƙarfen baranda.

Da aka kawo abin Kwesi ya juya shi a hannu, ya ce aiki ya yi kyau, amma kyan ne ya ɓata shi. Ya ɗauko ma'aunin kusurwa irin na kafinta ya sa a aljihu ɗaya, sai ga haske yana wucewa ta tsakani. Ya ce kiran nan in ya shiga aljihun, bango ɗaya ne ke miƙa shi ga na biyu, na biyu ga na uku, sannan ya koma inda ya fito. In bangon yana da ciki, ko kusurwar ta buɗe ko da kaɗan, sai amsar ta tafi wani wuri. Walƙiya kuwa ba ruwan na'urar da ita, gara ma in shafa masa fenti saboda gishiri. Kuma na rataya shi ba daidai ba. Ba tsini ne zai dubi sama ba, aljihu ɗaya ne, kamar an aje ƙwarya ana tarar ruwan sama.

Na ce ai ruwa zai kwanta ciki ya ci ƙarfen. Ya ce in huda gindin.

Ni duk abin da na ƙera a rayuwata mai kewaye ne, ɗakin da aka haife ni ma haka. Ban taɓa sanin akwai aikin da ransa ke ga kusurwa ba. Kwesi ya ba ni aron ma'aunin, ya ce jirginsu zai je Ikko ya dawo. Ya ƙara da cewa kada in ɗauka abin nan laya ne. Sai in akwai mai duban gilashin, kuma in teku ya yi fushi sosai yakan ɓoye shi, don haka kada su bar fitila da ƙaho. Na ce na ji, sababi ne kawai.

Idi ya ce in jirgin su Kwesi ya dawo, da shi za mu koma, ya kama mana wuri uku.

Na nemo falle mai kauri wanda ba ya saurin tsatsa. Wannan karon na sa Sale ya zauna kusa da ni duk ranar da ba su fita ba. Na ga hannunsa bai manta gidan da ya fito ba. Muka daddale fallayen a kan dutse mai santsi har suka kwanta sumul, muka yanka, muka soka, muna aunawa muna kwancewa. Hannuna ya yi ta so ya lanƙwasa bakin, ina hana shi. Muna aiki ba mu cika magana ba. Wata rana dai ya ce yayansa yakan ce in ya tara abin hannu zai zo ya yi wa rumfata rufin kwano. Na ce Allah ya ji ƙansa. Muka ci gaba da bugu.

Yarinyar nan Inna ita ta yanke maganar komawar Sale, ba tare da ta sani ba. Wata ranar da suka fita tun asuba, da hantsi na gan ta zaune bakin ƙofa ta ƙi cin komai. Tsohuwar ta ce haka take yi kullum tun da ubanta bai dawo ba, ba ta sa komai a baki sai ta ga Sale. Da azahar ya shigo da kwandon kifi a ka, ta tashi da gudu ta faɗi, ta sake tashi. Ya ɗauke ta, ya zauna ya ɓare kifi yana cire ƙaya yana sa mata a baki, sannan ya miƙa wa tsohuwar nata, ya aje na mai takaba bakin labule. Na ga in na ɗauke shi na cika wa uwa ɗaya ɗakinta, na kwashe wa mutum uku nasu.

Da jirgin ya dawo Kwesi ya zo da kansa ya auna kowane aljihu, sannan ya gyaɗa kai. Shi ya hau ya ɗaure shi can ƙololuwa, aljihu ɗaya yana duban sama. Da la'asar na kira Sale bayan masallaci, na miƙa masa jakar kayan aikina. Na ce jiragen katako suna da yawa a bakin ruwan nan, kuma kowanne akwai ɗan wani a ciki. Ya riƙe jakar, ya gane abin da nake nufi.

"Inna ta gida fa, Baba?"

"Ni zan tsaya gabanta. Kai dai in shekara ta kewayo ka zo ta gan ka, ka zo da mai sunanta."

Ya sunkuyar da kai, na ga ruwa yana ɗiga kan jakar. Na sa masa albarka na tashi, don kada nawa ya biyo.

Idi ya ga mu biyu ne. Ya shimfiɗa tabarmarsa tsakanin huhunan goro, ya aje butarsa a wuri na ukun.

Da safe jirgi ya tashi. Da muka fita bakin tasha Kwesi ya aiko aka kira ni sama. Masunta sun riga sun fita, suna can warwatse, da ƙyar ido ke tsinkayar su. Ya tsayar da ni gaban gilashin. Zaren ya zagaya. Can gefe ɗigo ɗaya ya fito, fari tas. Ya sake zagayawa, yana nan. Ya sake, yana nan. A kewayensa, inda na san akwai wasu jiragen, sai ɗan dishi-dishi mai zuwa yana ɓacewa.

Kwesi ya ɗora yatsa kusa da ɗigon ya ce, "Baba, ga ɗanka."

Na tsaya ina kallo. Ta taga ban ƙara ganin komai ba sai ruwa, amma a gilashin yana nan, yana matsawa baya a hankali, duk zagaye sai ya amsa. Matuƙin jirgin bai kore ni ba. Ina nan har ɗigon ya kai bakin gilashin ya fita. Da na sauko na tsaya a baranda ni kaɗai, na dubi ruwan sosai, na kira sunan Babba sau ɗaya, na yi masa addu'a.

Sauran hanyar ba ta da labari. Teku ya juya mini ciki har Ikko, Idi yana ba ni lemun tsami yana cewa Banufen nan ya yi gaskiya.

Na iso Makera da yamma. Uwar yaran ta fito, ta dubi bayana, ta dubi kafaɗata inda jakar take zama. Ta kawo mini ruwa, ta koma ɗaki. Na bi ta na zauna bakin ƙofa na faɗa mata duka, tun daga mai sunanta har ɗigon. Ta yi kwanaki tana aje mini tuwo ba ta ce mini komai ba bayan gaisuwa, ni kuma ban ga laifinta ba.

Wata safiya ina shirin fita da kayan aikin da na aro wurin ƙanena, ta ce in yi mata irin abin ta gani. Na yanka gwangwanin madara na yi mata ƙarami, na daidaita kusurwar yadda na iya. Ta juya shi a tafin hannunta.

"Da wannan ne suke ganinsa?"

Na ce da shi ne.

"Shi wancan ba shi da shi."

Na ce ba shi da shi.

Ta sa aka kafa doguwar gora kusa da rumbu, ta ce in ɗaure shi a sama. Na ɗaure, aljihu ɗaya yana duban sama. Na gaya mata daga nan ba ya yin komai, tsakaninmu da teku tafiya ce mai nisa. Ta ce ta sani.

Yana nan har yanzu, wanda ya bi ta ƙofar gidanmu zai gan shi. Kullum in ta idar da sallar asuba takan fito ta ɗaga kai. In iska ta karkatar da shi, ba ta ɗora tukunya sai na sauko da gorar na gyara.